Tsoro Na Daji, Kunya Na Gida: Matafiyi da Kasada

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi, har ma marigayi Alhaji Abubakar Imam ya ɗauki wannan karin magana ya raɗa wa littafin da ya rubuta a kan zuwansa Ingila cikin 1943, lokacin ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Ba mai musun wannan magana. Amma akwai wani fanni na ilmin tafiya da ba a cika tattaunawa a kansa ba, watau yadda mutum ke auna haɗari bayan ya taka ƙasar wasu. Sau da yawa mukan ji an ce wane ya je waje ya dawo, idonsa ya buɗe, yanzu ba ya tsoron komai. Abin da nake so mu duba, ni da mai karatu, shi ne ko wannan rashin tsoro ilmi ne na gaske, ko kuwa wani abu ne dabam ya ari rigar ilmi ya sa.

Kafin mu yi nisa ya kamata mu rarrabe wasu kalmomi da mukan gwamutsa. Haɗari shi ne abin da ke can yana jira, ko ka san da shi ko ba ka sani ba, kamar kogin da ya kawo ko hanyar da 'yan fashi suka tare. Kasada ita ce ka san da haɗarin, ka auna shi, ka ga abin da kake nema ya kai ka shiga. Ganganci kuwa shiga ne ba tare da awo ba. Sannan ga tawakkali, wanda malamai suka koya mana cewa yana zuwa ne bayan mutum ya ɗaure raƙuminsa. Mutum biyu za su hau mota ɗaya, su bi hanya ɗaya, ɗaya kasada yake yi, ɗaya ganganci, don mudun da kowannensu ya yi awo da shi dabam ne. Duk wanda ke cin kasuwanni kuwa ya san mudun wani gari ba ɗaya yake da na wani ba. A ganina babban abin da tafiya ke yi wa mutum shi ne ta canja masa mudu, ba tare da ta gaya masa ba.

Mu fara da gida. Haɗarin da muka tashi muka tarar, ba mu ganinsa. Ɗalibi zai hau kabu-kabu daga mazaunin jami'a na dindindin zuwa cikin gari, su biyu a baya, ba hular kwano, mai babur yana ratsa tsakanin motoci, shi kuwa yana hira abinsa. Ba zai taɓa kiran wannan kasada ba. Ran da aka ce wannan ɗalibin zai shiga jirgin sama zuwa wata ƙasa, sai ya karanto duk addu'ar da ya sani tun daga allo. Tsoron nasa yana da tushe, gaskiya. A Janairun 1973 jirgin alhazai ya faɗi a Kano, mutum 176 suka rasu. A ran 11 ga Yuli 1991 kuma wani jirgin da ya taso daga Jidda zai zo nan Sakkwato ya kama wuta jim kaɗan da tashinsa, duk mutum 261 da ke ciki ba wanda ya tsira. Ana tuna waɗannan domin rasuwa ce ta taro, rana ɗaya. Waɗanda hanyar Sakkwato zuwa Gusau ke ɗauka ɗaiɗai, yau uku gobe biyar, danginsu kaɗai ke riƙe da lissafi. Sabo turken wawa, in ji Bahaushe.

To, a nan ne tafiya ke yin aikinta na alheri. Baƙo yana kallon komai sau biyu. Na lura da haka ga abokan tafiya ko a 'yar ƙetarawar da akan yi daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, inda harshe ɗaya ne, tuwo ɗaya ne: da an wuce shinge sai ka ga mutum ya fara tambayar ruwan sha daga ina aka ɗebo, yana ƙirga canji sau biyu, yana duba tayar mota kafin ya shiga. Maniyyaci yakan miƙa hannu a yi masa allurar sanƙarau ba gardama, saboda in ba katin ba shiga Saudiyya, alhali kuwa a gida, inda wannan ciwo ya hallaka dubban mutane a annobar 1996, akwai waɗanda sai an yi ta lallashinsu. Idan irin wannan mutum ya dawo, yakan taho da idon baƙunta. Sai ya ga wayar lantarki tsirara a bakin ƙofarsu, ya ga 'yan bumburutu sun jera galan-galan na fetur kusa da murhun mai shayi, ya yi magana. Mu kuwa sai mu ce ya dawo da iyayi. Bayan wata biyu ko uku sabo ya sake rufe masa ido, shi ke nan an yi asarar abu mafi amfani da ya kawo tsaraba.

Sai dai idon baƙo ƙananan abubuwa yake gani. Manyan sukan wuce shi, don bai san alamominsu ba. Ɗan gari yana jin canjin iska tun daga yadda ake gaisuwa a kasuwa, da irin shirun da maƙwabta ke yi. Baƙo sai ya ji ƙara. Ɗalibai 'yan'uwanmu da yawa sun tafi Sudan karatu, wasu don neman ilmin addini da Larabci, wasu don likitanci, wasu kuma don gudun irin yajin aikin malaman jami'a da ya ci wata takwas a 2022. Awonsu daidai ne bisa abin da suka sani. Ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a tsakiyar Hartum, aka kwaso su a motoci, wasu suka yi kwanaki a bakin iyakar Masar kafin a bar su su shiga. Sun san haɗarin gida ciki da bai, sun guje shi, amma na ƙasar da suka je ba su da mudun auna shi.

Yanzu bari mu zo kan karin maganar da na sa a kan wannan rubutu, don a wajena ita ce cibiyar zancen. Bahaushe ba ransa da dukiyarsa kaɗai yake sawa a sikeli ba, har da mutuncinsa, sau da yawa ma mutuncin ne ya fi nauyi. A gida akwai sana'ar da ɗan wane ba zai yi ba, ko yunwa za ta kashe shi. Da ya sauka a Ikko, ko zangon Kumasi, ko Abijan, sai ka same shi yana ga-ruwa, ko wankin takalmi, ko gadi, ba abin da ya dame shi, don ba idon sani. Wannan 'yanci ne, kuma shi ya tayar da attajirai da yawa. Mutumin da ya koyi faɗuwa inda ba mai yi masa dariya, ya koyi abin da zai sa ya iya zuba jari inda ɗan'uwansa na gida zai tsaya yana me-za-a-ce.

Amma kunyar ba mutuwa ta yi ba. Tana nan gida ta shimfiɗa tabarma tana jiransa, kuma sunanta dawowa hannu biyu. Ka ɗauki saurayin da aka sayar da gonar gado ko saniyar uwarsa aka haɗa masa kuɗin mota. Ya isa Agadas, guzuri ya ƙare, ya ga da idonsa waɗanda suka dawo daga Libiya a rame, ya ji abin da suka gani. Hankali ya ce ya juya. To, ya juya ya ce wa wa me? Sai ya nemi wuri a bayan Hilux, ya rungumi sanda tsakanin ƙafafunsa don kada ya faɗo, a nufi Dirku, daga nan Sabha. Wanda ya gan shi zai ce ga jarumi ba ya tsoron hamada. Yana tsoronta ƙwarai. Akwai dai abin da ya fi ta ban tsoro a wurinsa, watau zauren gidansu da idon abokansa. In ka ji ƙi-gudu, sa-gudu ne bai zo ba. Shi wannan nasa sa-gudun a baya yake, yana kora shi gaba.

Hanyar kuwa ba ta ɓoye halinta ba. A Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar Nijar kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta gama da su: yara 52, mata 33, maza 7. Galibinsu Hausawa ne daga wajen Kance ta ƙasar Damagaram. A 2015 gwamnatin Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, sai direbobi suka bar sanannun hanyoyi masu rijiyoyi suka riƙa kewayawa ta inda ba sojan da zai gan su, ba kuma mai ceto in mota ta mutu. An soke dokar a Nuwamban 2023. A tsakanin haka, cikin 2017, gidan talabijin na CNN ya nuna wa duniya ana gwanjon mutane a Libiya. Duk wannan bai sa tasha ta watse ba.

Me ya sa? Ban da talauci, wanda ba a raina shi, akwai wani dalili da ya shafi ilmin tafiyar kansa. Labarin hanya daga bakin wanda ya tsira muke jinsa. Wanda ya kwanta a rairayi ba ya aiko da wasiƙa. Wanda ya dawo a tsiyace yakan shigo gari da dare, ya yi shiru. Wanda ya dawo da babur sabo da wayar hannu mai tsada shi ke zama a dandali yara su kewaye shi, kuma ba ƙarya yake yi ba in ya ce ya bi hanyar lafiya lau. Gani ya kori ji, haka ne. Amma abin da ya gani tafiya ɗaya ce tak, tasa. Ya ɗauki sa'arsa ya mai da ita sani, su kuma masu sauraro suka karɓa a matsayin sani.

Kada mai karatu ya zaci wannan ciwo na talaka ne ko na Bahaushe kaɗai. Tarihin garin nan ya ishe mu misali. Baturen nan Hugh Clapperton ya ƙetaro hamada daga Tarabulus, abokinsa Dokta Oudney ya mutu a hanya kusa da Katagum, shi kuwa ya iso Sakkwato a 1824 ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya koma Ingila lafiya. Ba a jima ba ya sake tasowa, wannan karon ta bakin teku. Abokan tafiyarsa suka yi ta mutuwa tun ba a yi nisa ba, bai juya ba, har ya iso, ciwo ya kama shi, ya mutu nan ƙasar Sakkwato a Afrilun 1827. Baransa Richard Lander ya binne shi, ya koma gida. Ka ce ya ga isasshe? A 1830 ya dawo ya bi kogin Kwara har inda ya shiga teku. Ya sake dawowa karo na uku, aka harbe shi a kogin, ya mutu a 1834 yana ɗan shekara 29. Kowace tsira ƙara masa faɗin mudu ta yi, kogin kuwa yana nan yadda yake.

Na san wani zai tare ni a nan ya ce: malam, kana magana kamar gida wurin aminci ne. Wannan suka ce mai ƙarfi, kuma ba zan kauce mata ba. Mutumin Sabon Birni ko Isa ko Goronyo da ya sa kai waje, ba daga inuwa ya fita zuwa rana ba. A Oktoban 2021 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo suka kashe mutane da dama, a Disambar wannan shekarar kuma suka ƙone mota da fasinjojinta a yankin Sabon Birni. Tun daga 2019 dubban mutanenmu suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi neman mafaka. Wanda aka hana shi noma gonarsa, in ya ce zai gwada hamada, wane baki gare ni, ni da ke kwana a ɗakin makaranta, in kira shi mai ganganci? Zama ma kasada ne, sai dai shi ba a yi masa rakiya zuwa tasha.

Magabatanmu sun fuskanci wannan tambaya a fili. Ran 15 ga Maris 1903 sojan Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya zaɓi hijira zuwa gabas, jama'a masu yawa suka bi shi, har aka cim masa a Burmi ran 27 ga Yuli, ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutane. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin kogin Nilu, zuriyarsu na can. Waziri Buhari kuwa ya komo gari ya zauna ƙarƙashin Nasara, ya kuma rubuta wa malamai takarda yana bayyana hujjarsa, cewa in kowa ya tafi ba mai tsare wa waɗanda suka rage addininsu. Ɗaya ya sa ransa a sikeli, ɗaya ya sa sunansa. Ban ga wanda za a kira matsoraci ko mai ganganci a cikinsu ba. Abin da na lura da shi shi ne kowannensu da jama'a ya yi awo, bai yi da kansa shi kaɗai ba.

Wannan ya kawo mu Hubbare. Duk mai bi ta wurin yana ganin baƙi, maza da mata, wasu daga ƙauyukan kusa, wasu sun ƙetaro iyaka daga Nijar da sauran ƙasashen maƙwabta, sun zo ziyarar kabarin Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1817. Ba kowa cikinsu ya san cewa mai kabarin bai taɓa zuwa Makka ba. Yana saurayi ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Malam ya yi niyyar wucewa hajji, Shehu kuwa ya juyo gida, domin mahaifinsa bai ba shi izinin wannan tafiya ba. Ka duba, a Agadas ɗin nan dai da samarinmu ke jin kunyar juyowa daga cikinta. Ba wanda zai ce tsoro ne ya komo da shi, tun da shi ne ya bar Ɗegel ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, ya tsaya gaban rundunar Gobir. Ƙanensa Malam Abdullahi shi ma, wajen 1807, ya bar fagen jihadi da nufin tafiya gabas saboda abubuwan da ya gani bai ji daɗinsu ba. Da ya isa Kano mutanen gari suka roƙe shi ya tsaya ya karantar da su, ya tsaya, ya rubuta musu littafin Liya'ul Hukkami, daga baya ya komo.

Abin da na fahimta daga waɗannan juyowa biyu shi ne ran mutum ba nasa ba ne shi kaɗai. Uwa tana da rabo a ciki, mata da 'ya'ya suna da rabo, har wanda ya ranta kuɗin mota. A gida ba ka iya mantawa da haka, don masu rabon suna gabanka safe da yamma. A baƙunta kuwa sai muryoyinsu su yi nisa, mutum ya fara ji kamar abin da zai yi asara in ta ɓaci nasa ne, ba na kowa ba. Da haka kasada ke yin araha. Shi ya sa nake ganin tambayar da ta kamaci matafiyi ba ta tsaya ga ko zuciyarsa za ta ɗauka ba. Akwai kuma ko waɗanda za su biya tare da shi sun san farashin, sun kuma yarda. Yara 52 ɗin nan na hamada ba wanda ya shawarce su. Ba ina zargin iyayensu mata ba ne, don yunwar da za ta sa mace ta goya ɗa ta nufi Tamanrasat ba ƙarama ba ce. Amma su ma wani ne ya ba su labarin hanya, kuma rabin labarin ya ba su.

Fataken da, masu zuwa Gwanja sayen goro, sun san wannan matsala, suka yi mata dabara. Tafiya ce ta watanni, a bi ta Jega da Yawuri, a ƙetare Kwara, a ratsa Bargu inda mahara ke jira, har Salaga. Ba mai tashi shi kaɗai. Ayari ake yi, da madugu wanda ya bi hanyar sau da yawa, ya san inda aka taɓa yin asara, da jagaba mai shiga gaba, da uban dawaki. Madugu ke sasanta kuɗin fito da abin da za a ba sarakunan hanya, shi ke cewa yau a tashi ko a kwana. Saninsa tarin tafiye-tafiye ne, masu daɗi da marasa daɗi, kuma in ya dawo a gari ɗaya zai zauna da iyalan waɗanda ya tafi da su. Dillalin hanya na yau yana karɓar kuɗinsa tun kafin mota ta tashi, ba ya kuma sake ganin fuskar kowa.

Mu ɗaliban Hausa wannan magana ta shafe mu ta wata fuska. Labaran tafiya da muke karantawa a aji, tun daga na Dorugu, yaron da Barth ya tafi da shi Turai a 1855, har zuwa na Abubakar Imam da Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano, duk na waɗanda suka je suka dawo da abin faɗi ne. Muryar wanda ya juyo daga Agadas ba ta cikinsu, haka ta matar da aka koro daga Jidda bayan shekaru tana aikatau, da ta ɗalibin da ya baro takardunsa a Hartum. Mutanen nan suna nan tare da mu a Mabera da Gidan Igwai da Rijiyar Ɗorawa, wasunsu ma 'yan'uwanmu ne na jini. Ina roƙon shugabannin wannan ƙungiya da malamanmu su duba ko za a tura 'yan aji uku, lokacin hutun ƙarshen zango, su ɗauko waɗannan labarai daga bakin masu su, a sakaya sunan duk wanda ya nemi a sakaya, a riƙa buga ɗaya a kowace fitowar wannan mujalla.